Yadda ake zaɓar talabijin na motar tafi-da-gidanka

A Turai da Amurka da Ostareliya motar tafi-da-gidanka ba baƙon abu ba ce. Mota ce da aka yi wa gado da madafa da ɗan banɗaki, iyali su ɗauki kayansu su yi mako biyu ko wata guda suna yawo, inda dare ya yi musu nan za su kwana. Wasu daga kamfani take fitowa a haka, wasu kuma motar ɗaukar kaya ce mai ita ya saya ya gyara cikinta da hannunsa. Duk ƙarshen watan Agusta ana baje kolin irin waɗannan motoci a birnin Düsseldorf na Jamus, a watan Oktoba kuma a Birmingham ta Ingila. Wanda ya sayi irin wannan mota, ko yake shirin gyara tasa, ba ya daɗewa kafin yara su tambaye shi ina za a sa talabijin.

Yawancin mutane kanti suke nufa kai tsaye, su tsaya gaban jerin talabijin suna duba wanda hotonsa ya fi kyau. Shawarata ita ce a bar kanti sai ƙarshe. A cikin gida wuta daga bango take fitowa ba ka lissafinta, eriya tana kan rufi shekara da shekaru ba ta motsi, bangon kuma na siminti ne. A cikin mota ba ko ɗaya daga cikin ukun nan da kake da shi. Saboda haka batir za ka fara tambaya, sannan wurin da za a rataye shi, sannan inda hoton zai fito. Idan ka gama da waɗannan, za ka tarar talabijin ɗin da suka dace da kai ba su wuce uku ko huɗu ba. Direban babbar mota da ke kwana a hanya, da mai amfani da sola a gida, su ma lissafin nan zai yi musu aiki.

Mataki na farko: zauna ka yi lissafin batir

Irin wannan mota batir biyu gare ta. Akwai na tayar da inji, akwai kuma na ɗaki, wanda ke ba fitilu da famfon ruwa da firji wuta. Talabijin a kan na ɗaki ake jona shi, ba a taɓa na inji, don kada ka wayi gari a jeji mota ta ƙi tashi.

Duba jikin batirin ɗakin, za ka ga an rubuta ƙarfinsa, misali 100Ah. Ka ninka wannan lamba da bolt 12, sai ka sami 1,200Wh, wato yawan wutar da batirin ke ɗauke da ita (Wh ɗaya shi ne cin wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Amma ba duka ne naka ba. Idan batirin na dalma ne, ko mai ruwa ko AGM ko jel, rabi kawai ya kamata ka ci, wato 600Wh. Duk ranar da ka zuƙe shi fiye da haka kana rage masa kwana ne. Idan na litiyam ne, irin LiFePO4, kana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ba tare da ka cutar da shi ba, wato kusan 1,000Wh daga batir mai girma ɗaya.

Yanzu sai ka cire rabon waɗanda ba a iya kashewa. Bari mu ɗauki misalin iyali mai mutum huɗu a lokacin zafi. Firji mai kwamfireso zai iya cin 300Wh zuwa 400Wh a wuni da dare. Cajin wayoyi huɗu, a ce 60Wh. Fitilu da famfo, a ce wani 60Wh. Idan batirinka na dalma ne, abin da ya rage maka bai fi 80Wh zuwa 180Wh ba. Wannan shi ne kasafin talabijin ɗinka, sai dai in firjin da gas yake aiki, wanda hakan zai bar maka sarari mai yawa.

To me wannan kaso zai iya ɗauka? Talabijin mai inci 22 da aka ƙera don mota yana cin abin da bai wuce wat 20 zuwa 25 ba. Awa huɗu na kallo, 80Wh zuwa 100Wh ke nan, akasari zai shiga cikin kasafi. Talabijin na gida mai inci 32 da ke cin wat 45, idan ka bi da shi ta inbata ya koma wajen wat 53, awa huɗu ya wuce 200Wh. Daren farko za ka sha kallo lafiya. A dare na biyu, in ba ka tuƙa mota ba kuma rana ba ta fito ba, za ka ga lambar da ke kan allon batir ta sauko daga 12.7 zuwa 12.1, kuma duk lokacin da wani ya buɗe famfo a banɗaki sai hoto ya ɗauke ya dawo.

Sanin abin da talabijin ke ci ba shi da wuya. A Turai, tun watan Maris na 2021 takardar makamashi da ake liƙa wa talabijin tana nuna kWh nawa yake ci a awa 1,000. Wannan lamba daidai take da wat ɗinsa: in an rubuta 20, wat 20 ke nan. Kada harafin da ke kan takardar ya tsorata ka, domin tun da aka sauya ma'aunin yawancin talabijin a E ko F ko G suke faɗawa. Lambar ita ce abin dubawa. Ita kuwa wadda ke bayan talabijin kusa da inda waya ke shiga, iyakar abin da zai iya ja ce, ba abin da yake ja kullum ba.

Sola tana sauƙaƙa lissafin, amma kada ka jingina da ita gaba ɗaya. Farantin wat 100 zai iya ba ka 400Wh ko fiye a ranar rani mai haske. A watan Disamba a Ingila ko Jamus, da rana ba ta tashi sama kuma gajimare ya rufe, ko rubu'in haka da ƙyar ka samu. Kuma a lokacin sanyin ne dare ke da tsawo, yara suka fi zama a ciki suna kallo.

Mataki na biyu: na bolt 12, ko na gida da inbata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba masu motoci, kuma amsarta tana bin inda kake kwana.

Idan kai ba ka kwana sai a sansanin da ake biya, inda ake ba kowace mota soket ɗin wuta, ƙaramin talabijin na gida ya ishe ka, kuma kuɗinsa bai kai rabin na mota ba. A Turai waɗannan soket bolt 230 suke bayarwa, amfiya 6 ko 10 ko 16, a Amurka kuma bolt 120. Talabijin ba zai dame su ba.

Idan kuwa kana son tsayawa a bakin tabki ko gindin dutse inda babu soket, na bolt 12 za ka saya. Dalili na farko asara ce. Inbata tana ɗaukar wutar batir ta mai da ita irin ta gida, talabijin kuma ya sake mai da ita ƙarama a cikinsa. A wannan kai-da-kawowa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana tafiya a zafi. Ƙari a kan haka, inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan nata. Wadda ke jan rabin amfiya, in aka manta da ita a kunne, 12Ah za ta cinye kafin gobe war haka, ba tare da an kalli komai ba.

Dalili na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Wutar da ake kira bolt 12 a mota ba ta tsayawa a 12. Batir in ya yi rauni yakan sauka zuwa 11 da wani abu. In inji na aiki, ko sola na caji da tsakar rana, yakan haura zuwa 14.4 ko ma fiye. Talabijin da aka yi don mota an sa masa abin da ke daidaita wannan hawa da sauka, shi ya sa za ka ga an rubuta a takardarsa cewa yana karɓar daga wajen bolt 10 har zuwa kusan 30. Irin wannan shi ne kuma zai yi aiki a babbar mota mai bolt 24. Kamfanonin da aka sani da wannan sana'a sun haɗa da Avtex da Cello a Birtaniya, Alphatronics da Megasat a Jamus, Teleco a Italiya, sai Furrion da Jensen a Amurka. Ban ce lallai sai ɗaya daga cikinsu ba. Abin da nake so ka nema shi ne wannan tazarar bolt a rubuce. In mai kanti ya ce maka na bolt 12 ne amma takarda ba ta faɗi tazara ba, ka ɗauka ba shi da kariya.

Akwai hanya ta uku ga mai ƙaramin ƙarfi. Wasu ƙananan talabijin na gida cajarsu a waje take, irin ta kwamfutar cinya. Juya cajar ka karanta abin da take fitarwa. In bolt 12 ne, kana iya jona talabijin ɗin da batir, amma ba kai tsaye ba, sai ta hanyar ƙaramar na'urar daidaita bolt da ke riƙe shi a 12 cif ko batir ya hau ko ya sauka. In bolt 19 ne, cajar kwamfuta ta mota za ta yi, muddin bakinta ya dace. Ka tabbatar ba ka juya wayar ja da baƙa ba, don juyawa ɗaya ta isa ta ƙone shi, kuma garanti ba zai biya ka ba. Wannan dabara tana aiki, sai dai jikin talabijin na gida ba a yi shi don girgizar hanya ba.

In dai inbatar za ka yi amfani da ita, nemi mai ba da wuta sumul irin ta gida. Mai arha da ke ba da wuta a gutsuttsure takan sa sifika ƙugi, wani lokaci ta jawo layuka a hoto, kuma tana ɗumama cajar talabijin fiye da kima. Araha ba ta ado.

Mataki na uku: ɗauki tef ka auna

Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba. Fuskar inci 19 faɗinta santimita 42 ne, ta inci 22 kusan 49, ta inci 24 kuwa 53, ta inci 32 kusan 71. Ka ƙara santimita ɗaya ko biyu na baki. Idan motar tana da kabad ɗin da aka ware wa talabijin, auna faɗi da tsawo da zurfi, ka bar wurin da wayoyi za su lanƙwasa a baya da kuma inda iska za ta ratsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanki kwali daidai girman da kake so, ka liƙa shi a wurin da salatif, ka wuni da shi. Buɗe ƙofar kabad, juya kujerar direba, shimfiɗa gado, ka wuce ta gabansa da tukunya a hannu. In kafaɗarka ta taɓa kwalin sau biyu, girman ya yi yawa.

A cikin mota tsakaninka da talabijin ba ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A wannan nisa inci 19 zuwa 22 ya wadatar da ƙaramar mota, inci 24 kuma ya yi wa babba. Kada ka ɓata kuɗi a kan 4K, ido ba zai ga bambanci a ƙaramar fuska ba. Full HD ya isa har ya yi saura.

Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne kallo daga gefe. A falo kowa gaban talabijin yake zama. A mota kuwa talabijin yana sama kusa da rufi, uba yana kujerar gaba da aka juyo, uwa tana gefen tebur, yara suna kwance a gado suna kallonsa daga ƙasa. Gilashi mai arha, irin wanda ake kira TN, da zarar ka kalle shi daga ƙasa sai fuskokin mutane su yi baƙi, sararin sama ya koma toka. Nemi gilashin IPS, ko wanda aka rubuta yana ba da digiri 178 ta gefe da ta sama da ƙasa. Kada ka tsaya ga rubutu. A kanti ka durƙusa a ƙarƙashinsa ka ɗaga kai, ka matsa hagu ka matsa dama. Minti ɗaya ya isa ka gane.

Mataki na huɗu: daga ina hoton zai zo?

Hanya huɗu ce: eriya, tauraron ɗan'adam, intanet, da abin da ka ɗauko a filashi. Kafin ka zaɓa, rubuta ƙasashen da za ka shiga.

Eriya ita ce mafi arha, tashoshinta kuma akasari kyauta ne. Amma kowane yanki da tsarin da yake watsawa da shi. Turai da yawancin Afirka, har da Najeriya da Nijar, tsarin DVB-T2 suka ɗauka. Amurka da Kanada ATSC suke amfani da shi, Japan da Brazil kuma ISDB-T. Talabijin da aka sayo a Amurka ba zai kama tashar eriya ko ɗaya a Turai ba, haka wanda aka sayo a Turai ba zai kama a Amurka ba. Masu sayen na hannu su kula da wannan sosai.

Ko a cikin Turai akwai tarko. Jamus ta koma DVB-T2 a watan Maris na 2017, amma da tsarin matse hoto na H.265, wanda kuma ake kira HEVC. Birtaniya ita ma DVB-T2 take amfani da shi a tashoshinta na HD, sai dai da tsohon tsari na H.264. Sakamakon haka, tsohon talabijin da ke aiki garau a Landan yana iya isa Jamus ya jero sunayen tashoshi, har ya ba da murya, amma fuska baƙa ƙirin. Saboda haka ka nemi kalmomi biyu tare a jikin kwali: DVB-T2 da H.265. A Jamus tashoshin gwamnati kyauta suke a eriya, masu zaman kansu kuwa a kulle suke sai da kati, don haka ramin kati na CI+ yana da amfani.

Eriyar kanta iri biyu ce. Akwai mai kamawa ta kowane ɓangare, ba ruwanka da juyawa, amma ba ta da ƙarfi in ka yi nisa da gari. Akwai mai fuskantar wuri ɗaya, wadda kake ɗagawa ka juya daga cikin mota, ita ce ta fi kamawa. In ka isa sabon wuri, dubi eriyoyin gidajen da ke kusa ka ga inda suka fuskanta, ka lura kuma ko sandunansu a kwance suke ko a tsaye, ka yi yadda suka yi. Sannan ka sa talabijin ya sake neman tashoshi, domin mitar da ta yi aiki jiya ba ita ce ta yau ba. Tunda wannan aiki kusan kullum za ka yi shi, talabijin da ke da maɓallin bincike a kan rimot, da kuma ma'aunin ƙarfin sigina a fuska, ya fi wanda sai ka shiga shafi biyar kafin ka kai. Wani abu kuma: in hoto yana kakkaryewa da zarar an kunna wata fitila ko an jona cajar waya, ba eriya ce ke da laifi ba. Fitilun LED da cajoji masu arha suna fitar da hayaniyar da ke danne sigina. Kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Tauraron ɗan'adam shi ne na mai tsallaka iyakoki da ke son tashoshin da ya saba. Nemi talabijin mai DVB-S2 a cikinsa, wato na'urar kama tauraro, don kada ka ƙara dikoda da waya da rimot na biyu. Tashoshin Birtaniya na kyauta suna kan Astra a digiri 28.2 gabas, na Jamus a kan Astra 19.2, sai Hot Bird a digiri 13 gabas mai ɗauke da tashoshin harsuna da yawa har da na Larabci. Masu tsallakawa Maroko da hunturu, kamar yadda Turawa da yawa ke yi ta jirgin ruwa daga Algeciras zuwa Tanja, sukan juya dish ɗinsu zuwa Nilesat a digiri 7 yamma ko Badr a digiri 26 gabas, inda ake samun tashar da ke nuna Haramin Makka kai tsaye.

Sai dai ka san cewa tauraro ba ko'ina yake haskawa daidai ba. Tun 2014 da tashoshin BBC suka koma kan sabon tauraro mai hasken da aka taƙaita a kan Birtaniya da Ailan, ƙaramin dish na mota yana rasa su in ka gangara kudancin Faransa, balle Sifaniya. Dish mai santimita 85 yana kai ka nesa fiye da mai 65, amma shi ma yana da iyaka. Tashar ARD ta Jamus kuma ta daina watsa tsohon hoto marar HD ta tauraro a watan Janairun 2025, don haka tsohon talabijin marar HD ba zai ƙara kama ta ba. Dish mai neman tauraro da kansa yana da daɗin aiki, danna maɓalli ya tashi ya juya ya kama, amma kuɗinsa ya ninka na talabijin sau da yawa, nauyinsa a kan rufi yakan wuce kilo 10, kuma a Turai lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, kowane kilo yana cikin lissafi. Ka tabbatar an jona shi yadda zai kwanta da kansa in an murɗa makulli. Bishiya ɗaya a kudu da kai ta isa ta hana shi aiki, ga shi kuma a zafi inuwar bishiyar kake nema. Dish na ƙasa mai ƙafa uku da doguwar waya yana warware wannan, mota tana inuwa shi yana fili.

Intanet ce hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu. Ka ƙidaya data tun kafin ka tashi: Netflix ta ce hoto na yau da kullum yana iya cin gigabait 1 a awa, na HD har 3. Awa uku a dare na tsawon mako biyu a HD ya haura gigabait 100. Rage kaifin hoto a cikin saiti, a fuskar inci 22 ba za ka ji zafin ragin ba. Mai layin wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana yawo da datarsa a sauran ƙasashen tun watan Yunin 2017, amma da iyakar da kamfani ya sa. Mai layin Birtaniya ya tambayi kamfaninsa, don tun fitarta daga Tarayyar kowane kamfani da tsarinsa. Jikin mota na ƙarfe yana tare sabis, shi ya sa na'urar intanet mai eriya a kan rufi ta fi waya kamawa. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, tana kai sabis inda babu turken waya, amma ƙaramarta, Mini, tana cin wat 25 zuwa 40, wato fiye da talabijin ɗin kansa. Mayar da ita cikin lissafin mataki na farko.

Ta huɗun ita ce wadda ba ta taɓa ba da kunya. Cika filashi tun daga gida da finafinan Hausa, da karatun malamai, da katun na yara. Ba ruwanta da sabis, ba ruwanta da bishiya. Ka tafi kanti da filashin ka gwada, don ba kowane talabijin ke buɗe kowane irin fayil ba.

Mataki na biyar: mai manhaja ko marar manhaja, da batun sauti

A ganina gara ka sayi talabijin mai gilashi nagari da ramin HDMI biyu, ka soka masa ƙaramin sandan intanet irin Fire TV Stick ko makamancinsa. Sandan ba ya cin fiye da wat 5, kuma in manhajarsa ta tsufa bayan shekara huɗu ko biyar shi kaɗai za ka sauya. Manhajar da ke cikin wasu talabijin na mota tana da nauyin tafiya, kuma wani lokaci babu manyan tashoshin da kake so a cikinta. In mai manhajar kake so, buɗe ta a kanti ka ga tashoshin da idonka.

Sauti shi ne raunin duk ƙananan talabijin. Sifikarsu ƙanana ce, sau da yawa baya take fuskanta, kuma in ruwan sama ya fara dukan rufin mota ba ka jin komai. Nemi mai Bluetooth ko ramin abin kunne. Wannan zai amfane ka ta wata fuskar: sansanoni da yawa suna hana hayaniya daga ƙarfe 10 ko 11 na dare, maƙwabcinka kuma taku kaɗan ne tsakaninku, bangonku duka siriri. Abin kunne yana ba ka damar ƙarasa kallon ƙwallo yara suna barci.

Mataki na shida: ratayewa da jona waya

Juya bayan talabijin, za ka ga ramuka huɗu. Tazararsu a ƙananan talabijin milimita 75 ko 100 ce, ma'aunin da ake kira VESA, noti kuma M4. Maratayin da za ka saya ya dace da wannan tazara, kuma lallai ya zama mai kullewa. Maratayin falo mai hannu da ke lilo ba na mota ba ne, kwana ɗaya mai kaifi zai buga talabijin da kabad. Kada notin ya fi zurfin rami tsawo, in ka tilasta shi zai huda allon da ke ciki.

Bangon irin wannan mota falle ne na katako siriri da soso a tsakiya, ba ya riƙe sukuru. Masu ƙera motoci sukan sa katako mai kauri a wurin da suka tanada wa talabijin, duba littafin motar. In babu, sa faffaɗan katako a bayan bangon kabad, ka ratsa da noti mai washa ta ɗaya gefen. Kafin ka huda ko'ina ka san abin da ke bayan wurin, wayar wuta ce ko bututun gas. Ba ƙawa ake nema a nan ba. Talabijin mai kilo 3 in mota ta yi karo nauyinsa yakan ninka sau da yawa, kuma kujerun yara ne ke kan hanyarsa. Wanda bai amince da bangonsa ba ya sayi maratayi mai saurin cirewa, ya riƙa sauke talabijin ya kwantar da shi cikin bargo a ƙarƙashin kujera kafin tafiya.

Wayar wuta ta fito daga akwatin fis na ɗaki, da fis nata na amfiya 5 kusa da tushe. Kaurinta kada ya gaza milimita 1.5 murabba'i. Ga dalili: talabijin mai jan amfiya 2.5 a nisan mita 5, wato mita 10 zuwa da dawowa, zai yi asarar kusan bolt 0.3 a wannan waya. In ka sa siririya mai 0.75, asarar ta ninka. Bolt 0.6 ba komai ba ne a wutar gida, amma a batirin da ya riga ya sauka zuwa 12.1 shi ne zai sa talabijin ya riƙa mutuwa da ƙarfe tara na dare. Soket irin na kunna taba yana saki da girgiza har ya yi zafi, gara mai kamawa gam ko a jona kai tsaye. Sa maɓallin kashewa a kan layin, domin talabijin da na'urar ƙara ƙarfin eriya suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko an kashe su da rimot. In ba ka saba da aikin wutar mota ba, kai wa mai rewaya da ya san irin waɗannan motoci.

Doka ma tana da magana. A Birtaniya an haramta wa direba tuƙi alhali yana iya ganin fuskar talabijin, in ba ta nuna hanya ko kyamarar baya ba ce, ƙasashe da yawa kuma suna da irin wannan doka. Rataye shi inda direba ba zai hango shi ba. Lasisin talabijin na Birtaniya kuwa, wanda kake biya na gidanka ya haɗa da motar yawo, amma wanda motar ce gidansa sai ya yanki nasa in zai kalli tashoshi kai tsaye.

Gwaji kafin tafiya

Kada ka bari sai ka yi nisa ka gane matsala. Ajiye motar a ƙofar gida, cire ta daga wuta, ka kunna firji da fitilu da talabijin kamar kuna hanya. Rubuta bolt ɗin batir da magariba, ka sake dubawa da asuba kafin rana ta taɓa sola. In batirin dalma ya kwana sama da 12.2, lissafinka ya yi. In ya faɗi ƙasa da haka, fara da rage hasken fuskar talabijin, don fitilar bayan gilashi ita ce ke cin mafi yawan wutarsa, kuma da dare a cikin mota ba ka buƙatar hasken kanti. Washegari ka tayar da inji talabijin yana kunne, mota a tsaye, ka ga ko zai jure hawan bolt. Sannan ka kashe shi, ka kulle maratayi, ka bi hanya mai gargada na rabin awa, ka dawo ka sake ɗaure notina.

Yawancin talabijin an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 ko 5 zuwa 35 ko 40 na ma'aunin Salshiyas. Motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce haka nesa, don haka kada ka rataye shi inda rana ke dukansa ta taga, kuma ka buɗe ƙofofi iska ta shiga kafin ka kunna. Da sanyi kuwa, in ka kunna hita a motar da ta kwana cikin ƙanƙara, raɓa tana taruwa a cikin talabijin yadda take taruwa a gilashin taga. Ba shi awa ɗaya ya ɗumama ya bushe tukuna. In za a ajiye motar tsawon hunturu, cire shi ka shigar da shi gida, ka zare batiran rimot ɗin don kada su zubo.